Kan jirgin Baba ya daina jan tarago: ina zan samo kayan gyaransa?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne a Zariya. A ƙarshen shekarun 1950 aka tura shi kwas Ingila, ya dawo da ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki a cikin shuɗin kwali. Watan jiya muna kwashe adakar Hajiya na ci karo da shi. Kan jirgin kore ne, ƙarfe ne mai nauyi, an rubuta Duchess of Montrose a gefensa da lamba 46232, a ƙarƙashi kuma Hornby Dublo, Meccano, Liverpool. Layin dogonsa na gwangwani ne, akwai layi na uku a tsakiya. Na haɗa na ba shi wuta. Yana motsawa amma da ƙyar, ko tarago ɗaya ba ya ja, kafin minti biyu ya ɗau zafi har ana jin ƙauri. A ƙarƙashinsa akwai wasu 'yan ƙarafa biyu kamar cokali masu gogar layin tsakiya, ɗaya ya cinye har ya yi kwari. Sukurun da ke riƙe gangar jikin ma ya ɓace. Na kai wa mai gyaran rediyo ya ce a cire motar lantarkin da ke juya ƙafafunsa a sa ta motar wasan yara, zuciyata ba ta kwanta ba. Ina ake samun kayansa?

Injiniya Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗana, kafin komai cire shi daga wuta, kada ka sake kunna shi. Ƙaurin nan da kake ji fentin jikin wayar koyil ne yake dahuwa. In ya ƙone, aikin da za a gama da 'yan kuɗi kaɗan ya zama babba.

Abin da ke hannunka ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanin Meccano na Frank Hornby ya fara fitar da Hornby Dublo a 1938 daga masana'antarsa da ke Binns Road a Libaful. Duchess of Montrose ta fito a 1953. Kwaikwayon jirgin gaske ce, wanda aka ƙera a Crewe a 1938. Faɗin layin milimita 16.5 ne, wutarsa bolt 12 ce ta DC, irin ta batir. Mai layi uku ne naka, wato wuta na shiga ta cokulan nan daga layin tsakiya ta fita ta ƙafafu. A 1959 suka fara yin mai layi biyu, a 1964 kamfanin Lines Brothers masu Tri-ang ya saye su. Ka riƙe wannan bambanci na layi uku da layi biyu, don duk abin da za ka saya sai an tambaye ka shi.

Kuma kar ka yarda a cire maka motar. Ba ɗaura ta aka yi ba, da ita aka gina gindin jirgin.

Mai Koyil na Panteka:
Gaskiya Injiniya ya faɗa a kan motar. Amma ni ban ga abin da zai kai mu Ingila ba. Shekara ashirin da wani abu ina naɗin koyil, daga fanka har injin markaɗe. Amecha, wato abin da ke juyawa a tsakiyar motar, mai ƙafa uku ce kawai a ciki, ko ta ƙone zan ƙirga zagayen wayar in naɗa sabuwa. Buroshi kuwa, 'yan guntayen kabon da ke kai wa amecha wuta, sai a samo na injin huda ƙarfe a goge shi da magagari ya dawo daidai ramin. Cokalin a yanko shi daga fallen tagulla. Ɗan'uwa kawo shi Kaduna.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Baba Injiniya, na cire shi. Malam Mai Koyil na gode. To amma me ke sa shi zafin? Buroshin ne?

Injiniya Mai Ritaya:
Zai iya zama abu huɗu, kuma uku daga ciki ba sa buƙatar sayen komai. Shi ya sa nake hana mutane gaggawar oda.

Fara da akwatin wutar. Tsofaffin nan akwai abin da ke juya wutar soket, AC, zuwa DC a cikinsu, yana lalacewa da shekaru, ga robar wayar da ke shiga soket takan bushe ta farfashe. Ni ba zan bar jikana ya taɓa akwatin wuta mai shekara sama da sittin ba sai mai lantarki ya buɗe ya duba. Don gwaji, nemi batirin babur mai bolt 12, ka ratsa wutar ta ƙwan mota mai wat 21 kafin ta isa jirgin. In wani wuri ya haɗe, ƙwan ne zai kama da haske, koyil ya tsira.

Sai tsohon mai. Man da Baba ya ɗiga tun zamanin da, yanzu ya daskare ya zama kamar ƙaro, ya haɗu da ƙurar hunturu. Juya amecha da yatsa. In ba ta juya sakayau ba, a wanke da sifirit.

Sai wurin da buroshi ke gogawa, zoben jan ƙarfe da aka raba gida uku. Garin kabon da mai sukan cika tsagar da ke tsakaninsu, wuta ta riƙa tsallakawa. Sa tsinken sakace ka share tsagar. Tsinke na ce, ba allura ba. Daga nan ɗauko mitar masu lantarki ka auna tsakanin kowane gida biyu. In awo ukun sun zo kusan ɗaya, amecha lafiyarta ƙalau.

Na huɗun shi nake zargi: maganaɗisu. Irin wanda suka sa yana rage ƙarfi in ya daɗe, musamman in wani ya taɓa zare amecha ko ya kwance ƙarafan gefensa ba tare da ya ɗora masa wani ƙarfe ya riƙe ƙarfin ba. In maganaɗisu ya yi sanyi, motar sai ta sha wuta da yawa ta ba da ƙarfi kaɗan, ragowar ta zama zafi. Lafiyayyen Dublo bai kamata ya kai amp ɗaya ba yana tafiya shi kaɗai. Shin mai rediyon ya kwance shi?

Ɗan Tudun Wada:
Ya kwance, ranka ya daɗe. A gabana ya zare komai ya jera a kan benci, ya hura, ya mayar.

Injiniya Mai Ritaya:
To ka ji. Ba laifinsa ba ne, bai san irinsa ba.

Abu Yasir:
Ku gafarce ni, ba rainin hankali ba ne. A halin da ake ciki na tsadar abinci, ya dace magidanci ya kashe fam na Ingila a kan kayan wasan yara? Da ni ne sayar da shi zan yi in yi wa marigayin sadaka.

Maman Ummi:
Malam Abu Yasir, sadaka alheri ce, kuma ba abin da ya hana a yi duka biyun. Keken ɗinkin da nake aiki da shi na kakata ne, baƙi mai zanen zinariya. Duk sanda na taka shi sai na yi mata addu'a. Abin da ke tuna maka da iyaye har ka ɗaga hannu ba wasa ba ne.

Ɗan'uwa, a kan mai: man keken ɗinki fari shi ya dace, ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa kowane wuri. Kada ka fesa masa man gwangwanin nan na kwance noti, yana bin ko'ina ya jiƙe buroshi. Man gyaɗa kuwa danƙo yake yi, na ga kekunan da ya kashe.

Abu Yasir:
Na karɓa Hajiya. Allah ya jiƙan magabatanmu.

Ɗalibi a Manchesta:
Baba Injiniya, Yaya Ɗan Tudun Wada, ni ina nan Ingila ina karatu kuma abin nan yana da jama'a sosai. Akwai ƙungiyar masu tara kayan Hornby, HRCA, tun 1969 take, kuma a cikin 'yan ƙungiyar akwai masu ƙera sababbin kayan gyara na Dublo. Akwai kanti a Middlesbrough mai suna Peter's Spares da ya shahara da kayan gyaran ƙananan jirage. Ga eBay. Sannan kusan kowane ƙarshen mako akwai garin da ake cin kasuwar tsofaffin kayan wasa a babban zaure, dattawa su baza teburi. Na taɓa shiga ɗaya. A ƙarƙashin teburan akwai kwalaye cike da matattun kawunan jirgi, wani ba jiki, wani ba ƙafa, ana sayar da su da arha don a ciri kaya. Kamar dai Ƙofar Ruwa a Kano, sai dai komai bai wuce tafin hannu ba.

Buroshi, sifirin da cokali ba su da nauyi, ambulan ɗaya zai ɗauke su. Matsalar aikowa ce: masu sayarwa da yawa ba sa turo kaya Najeriya, wanda ya yarda kuma kuɗin aike ya fi kuɗin kayan. Akwai abokina da zai dawo gida ƙarshen wata, zan iya ba shi.

Mai Koyil na Panteka:
Ɗalibi Allah ya ba da sa'ar karatu. Amma ina nan kan bakata. Yau akwai mai zuwa, gobe fa? Duk sanda buroshi ya cinye sai an jira wani ya taso daga Manchesta? Mutanen da suka riƙe jiragen gaske a Zariya da Kafanchan da Minna, irin su mahaifin wannan bawan Allah, in kaya ya ƙare ai ƙerawa suke yi a shago. Jirgin ya fi shekara sittin a ƙasar nan, ya zama ɗan gida. Ko baƙin sandan cikin batirin tocila ma kabon ne, na sha sassaƙa shi.

Injiniya Mai Ritaya:
Malam, ban raina hannunka ba, na san abin da Panteka ke iyawa. Amma bari mu bambance. Akwai abin da aka yi shi don ya cinye, akwai abin da aka yi don ya dawwama. Buroshi an yi shi da laushi da gangan domin shi ya ƙare, zoben jan ƙarfen ya zauna. Sandan batir yana da tauri da gautsi, zai riƙa cin zoben. Bakin fensir, da wasu ke sawa, akwai yumɓu a cikinsa. Ka ceci buroshin da ake samu, ka kashe zoben da ba a samu sai an sayi amecha sukutum. Na injin huda ƙarfe in mai laushi ne zan yarda da shi na ɗan lokaci. Cokalin tagulla kuwa na amince ɗari bisa ɗari, in dai ka lanƙwasa shi daidai tsayin ɗan'uwansa, don in ya sauko da yawa zai ɗaga ƙafafun jirgin daga layi, in ya gaza kuma zai riƙa ɗauke wuta a mahaɗa.

Sukurun ne nake jin tsoro. Kayan Ingila na wancan zamani zaren BA ne da su, wato tsohon ma'aunin sukurun Ingila, ba na milimita ba. 6BA kaurinsa milimita 2.8, ya yi kusa da M3, mai milimita 3, da ke cike da kasuwa. Mutum zai ga ya fara shiga, ya ƙara murɗawa, ya cinye zaren ramin, kuma jikin jirgin haɗin tutiya ne, ba ya yafe wannan. Je wurin tsofaffin masu gyaran rediyo ko agogon bango, ka roƙi gwangwanin tarkacensu. Tsofaffin rediyoyin Ingila da BA aka ɗaure su. Wanda ya shige da yatsa ba tare da dole ba, shi ne.

Mai Koyil na Panteka:
Maganar sandan batir na janye, hujjarka ta fi tawa. Amma maganaɗisun fa? Yanzu akwai na zamani, neodiniyom, irin na cikin hadis ɗin kwamfuta. Ɗan ƙarami ya fi tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba ya sanyi don an kwance mota.

Injiniya Mai Ritaya:
A nan ne su kansu Turawan suka rabu biyu. Ana sayar da neodiniyom da aka yanka daidai ramin Dublo, kuma jirgi yana farfaɗowa nan take. Masu ƙinsa suna cewa ƙarfinsa ya wuce abin da aka tsara motar a kai: yana jan amecha da ƙarfi, boris ɗin sama da na ƙasa su riƙa cinyewa, ga shi yana tsince duk wani ɗan ƙarfe da ke kan layi ya kai cikin giya. Ni ina ɓangaren masu cewa a sake cajin na asalin. Akwai na'urar da ake yi da shi, manyan koyil biyu ne, a sa gindin jirgin a tsakani da komai nasa a haɗe, a ba shi wuta ta ɗan daƙiƙa. Daga nan ba a sake kwancewa.

Mai Koyil na Panteka:
To ai koyil biyu da ƙarfe a tsakiya sana'ata ce. A ba ni girman kawai in naɗa.

Injiniya Mai Ritaya:
Za ka iya, ba na shakka. Amma ba a kan jirgin marayu za a koyi gwaji ba. In Ɗalibi ya samo mataccen gindi mai arha, gwada a kansa tukuna. Kuma a sa kamfas a gane arewa da kudun maganaɗisun kafin a taɓa shi, in aka juya shi jirgin baya zai riƙa yi in an ce gaba.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ina biye da ku daga Zinder. Ni nawa na Faransa ne, Jouef, wani kawuna ya kawo. Ma'auninsa HO, ɗaya bisa 87, naku OO ɗaya bisa 76, amma faɗin layinmu ɗaya ne. Ina da layi da yawa da ba na amfani da su, in ɗan'uwa yana so in aiko masa ta motar Kano. Tawa matsalar kuwa robar ƙafa ce, 'yan zobban da ke hana santsi sun bushe sun karye, jirgin sai ya tsaya yana ta juya ƙafa wuri ɗaya.

Injiniya Mai Ritaya:
Allah ya saka da alheri, amma kar ka aiko. Layinka mai biyu ne, wuta na zuwa ta dama ta koma ta hagu, shi ya sa ƙafafun jirginka an raba su da roba a gindin gatari. Na Dublo mai layi uku ƙarfe ne zalla daga wannan ƙafa zuwa waccan, yana hawa layinka wuta za ta haɗe. Wannan tarkon yana nan a wajen sayen kaya ma. Bayan Meccano ta faɗi, kamfanin Wrenn na Basildon ya karɓi injinan ƙira na Dublo ya ci gaba da fitar da jiragen har farkon shekarun 1990, don haka kayan Wrenn da dama suna shiga Dublo, amma nasu na layi biyu ne. A tambaya kafin a biya.

Robarka kuwa auna kwarin ƙafar da kyau. Jouef yanzu tana hannun Hornby tun 2004, tare da Lima da Rivarossi da Arnold, amma kayan tsofaffin sai wurin masu kayan gyara a Faransa. Kafin nan akwai dabara: robar nan da masu lantarki ke sa wa waya su gasa ta tsuke, a yanka siririn zobe a sa a kwarin. Kar a kai wuta kusa, ƙafar roba ce. Robar ɗaure kuɗi ba ta kwana biyu, mai na narkar da ita.

Ɗalibi a Manchesta:
Yaya, turo mini hoton ƙarƙashin jirgin da na motar ta gefe biyu, ka ajiye rula a kusa. Dattawan nan da ganin hoto suke gane shekarar. Wani abu kuma da suka nuna mini: in za a sayi mataccen jirgi a duba ko jikinsa ya yi tsage-tsage kamar busasshen tabki. Ciwon tutiya ne, yana kama haɗin da dalma ta gurɓata, ƙarfen ya kumbura ya ruɓe, ba shi da magani. Ya fi yawa a kayan kafin yaƙin duniya na biyu, kuma laima na ƙara shi.

Ɗan Tudun Wada:
Na duba da tocila, ba tsaga ko ɗaya. Na ari mita, awo ukun sun zo daidai da juna. Tsagar zoben kuwa baƙin abin da tsinke ya fito da shi ya ba ni mamaki. Buroshi ɗaya saura kamar ƙwayar gero, sifirin ɗinsa ya yi tsatsa. Sukuru na samu a Sabon Gari wurin wani tsoho mai gyaran rediyo, ya zazzage gwangwanin madara a kan jarida muka yi ta gwadawa, na bakwai ya shige kamar da shi aka haife shi. Ya ƙi karɓar kuɗi da ya ji na marigayi ma'aikacin reluwe ne. Ƙanina Ɗalibi, na tura hotunan.

Ɗan Tudun Wada:
'Yan zaure, yau mako shida, ga bayani. Saƙon Ɗalibi ya iso: buroshi guda huɗu, sifirin biyu, maganaɗisun zamani ɗaya, da mataccen gindin Dublo na gwaji. Cokali bai samu ba a lokacin, sai na je Kaduna. Malam Mai Koyil ya yanka fallen tagulla ya yi ta bugu da gogewa yana gwadawa da ɗan'uwansa, sau uku yana sakewa kafin ya gamsu. Gindin gwajin na bar masa, ya fara naɗin na'urar caji.

Baba Injiniya ka yi haƙuri, na sa na zamanin na wucin gadi, don Hajiya ba ta da lafiya sosai kuma ina so ta gani. Na asalin na naɗe shi da ƙarfe a jikinsa kamar yadda ka ce, na rubuta gefen da ke kallon gaba. Da farko jirgin baya ya yi, na juya maganaɗisun ya daidaita. Jiya bayan la'asar na shimfiɗa layin a tsakar gida a kan tabarma. Ya ja tarago uku ya yi ta zagaye kusan minti ashirin, na taɓa shi ɗumi kawai. Hajiya tana ɗaki ta ji ƙarar ƙafafun a kan gwangwani, ta fito da sandarta ba wanda ya kira ta. Ta zauna a bakin ƙofa ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ran Sallah kaɗai Baba yake fito da shi, yaran unguwa su cika zaure, shi kuma ya sa hularsa ta aiki.

Injiniya Mai Ritaya:
Alhamdu lillahi. Ba haƙurin da za ka ba ni, ka yi daidai, tunda ba ka yanke komai ba kuma na asalin yana nan. Allah ya ba Hajiya lafiya. Amp nawa yake sha yanzu? Kuma ka riƙa share layin kafin ka kunna, sabon maganaɗisun ba ya barin ko ƙusar takalmi.

Mai Koyil na Panteka:
Koyil ɗaya ya kammala, saura ɗaya. In gindin gwajin ya tashi zan sa bidiyo a nan Injiniya ya duba kafin mu taɓa na Baba. Ɗan Damagaram, turo awon ƙafarka, akwai wanda ke yanka roba kusa da shagona.

Ɗan Tudun Wada:
Ya ɗan haura rabin amp, ranka ya daɗe. Wani labarin kuma: Hajiya ta ce kwalin biyu ne. Na biyun, mai tasha da mahaɗar layi da wani ƙaramin baƙin kan jirgi, Baba ya ba Kawu a Kafanchan tun kafin a haife ni. Na kira ɗansa, ya ce akwai wani kwali a saman silin da ba wanda ya taɓa buɗewa. Asabar zan tafi in Allah ya yarda.

Injiniya Mai Ritaya:
Allah ya kai ka lafiya. Kafanchan ta fi Zariya laima, don haka duba tsaga da tsatsa tun a can. In baƙin mai ƙafa shida ne da biyu a baya, mai yiwuwa samfurin Dublo da ake kira N2 ne, motarsu iri ɗaya da Duchess, buroshi biyun da suka rage maka za su shiga. Kada ka ba shi wuta, kada kowa ya kwance shi. Ɗauko hoto ka turo mana tukuna.